Tikitin casu ta manhaja: shiga fili ba wuya, wajen biya ne ake jin jiki

Manhajar da zan yi magana a kanta ta ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sayar da tikitin wasan mawaƙa ce. Ba zan kama sunanta ba, domin kusan dukansu hanya ɗaya suke bi: ka yi rajista, ka jira ranar da za a buɗe sayarwa, a jera ka a layi, ka zaɓi kujera, ka biya, tikiti ya sauka a wayarka. Da ita na saya mana tikiti, ni da ƙanena, na wani mawaƙi da muke saurara tun muna yara. In taurari ake bayarwa, uku cikin biyar zan ba ta. Wajen kai mutum cikin fili ba tare da an cuce shi da jabun tikiti ba, ta yi ƙoƙari ƙwarai. Wajen faɗa maka gaskiyar abin da za ka biya tun kafin ranka ya biya, ba ta kyauta ba, kuma ban yarda cewa kuskure ne ba. Haka aka tsara ta.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Rajista ba ta da wuya. Taswirar filin kuma a fili take, kana iya jawo ta da yatsa ka ga inda dandamali yake, inda ƙofofi suke, har da hoton yadda mawaƙin zai bayyana maka daga sashen da ka zaɓa. Tikitin kansa ba takarda ba ne, wata lamba ce mai zane-zane da ke sauyawa da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka ko wani ya ɗauki hotonta ya sayar wa mutum goma, ba za ta buɗe ƙofa ba. Tura wa ƙanena nasa bai ɗauke ni lokaci ba, na rubuta adireshinsa na imel, ya amsa, shi ke nan. Ranar wasan ma'aikaciyar ƙofa ta haska na'urarta a kan wayata, ta yi ƙara sau ɗaya, muka wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa da tikitin da ya saya a hannun wani, gabansa yana faɗuwa ko za a ce masa an riga an shiga da shi, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai komai ya rataya a wuyan waya. Cajinka ya ƙare, ka shiga uku. A bakin fili kuma, inda dubban mutane suka taru, intanet ba ya motsi, don haka wanda bai sauke tikitinsa tun daga gida ba zai sha tsayuwa yana ɗaga waya sama. Akwai kuma abin da ni dai ya dame ni, ko da yake na san ba kowa ba: babu guntun takardar da za ka ajiye. Bayan wasa lambar ta ɓace, sai rasidi a imel.

Ranar sayarwa ce ainihin jarrabawar wannan manhaja. Ana buɗe abin da suke kira ɗakin jira kafin lokaci, kowa ya shiga, in lokaci ya cika sai a raba muku lambar layi ba bisa wanda ya riga zuwa ba. Ni dai na tsinci kaina da dubban mutane a gabana, ga wani ɗan zane yana tafiya a hankali, ga gargaɗi cewa in ka sabunta shafin ka koma baya. Ba ka isa ka tashi ba. Da aka zo kaina, taswirar da na gani fes jiya ta koma tabo-tabo, kujeru suna ɓacewa a gaban idona. In na taɓa biyu a jere, sai a ce wani ya riga ni. Da na samu waɗanda suka tsaya, sai agogo ya bayyana a saman allo yana ƙirga mintuna kaɗan da suka rage mini. Farashin kuma ba shi ne wanda aka yi ta yaɗawa a sanarwa ba. Masu arahar sun ƙare, in ji manhajar, saura wasu da aka liƙa wa suna mai ƙyalli, alhali kujerar ita ce dai kujerar, ba abinci, ba ganawa da mawaƙi, ba ko ƙofa ta daban. A shafi na gaba aka ɗora kuɗin hidima, aka ɗora kuɗin fili, aka ɗora kuɗin sarrafa oda, jimla ta haura abin da na fara gani da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ƙarƙashinsu ga tayin inshora, wanda sai ka danna cewa ba ka so kafin a bar ka ka wuce.

Duk wannan ƙanena yana kan layin waya. "Yaya, don Allah danna kawai, za su ƙare." Na ce masa, "Kai, ka san nawa ya koma kuwa?" Ya ce, "Yaya, ma yi lissafi daga baya." Na danna.

Wannan "ma yi lissafi daga baya" shi ne abin da manhajar take nema daga kowane mai saye. Wanda ya shafe sa'a guda a layi ba ya son ya fita hannu rabbana. Wanda agogo ke bi ba ya buɗe wani shafi ya kwatanta farashi. Da an nuna mini jimlar tun kafin in shiga layi, da na yanke shawara da sanyin kai, ko in saya ko in haƙura. Ba ni kaɗai na ga haka ba: a Amurka, Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayya ta kafa doka da ta fara aiki a watan Mayun 2025, wadda ta tilasta wa masu sayar da tikiti su nuna cikakken farashi tun daga farko. Dokar ba ta rage ko sisi ba, ɓoyewar kawai ta hana. Amma ko hakan ci gaba ne.

Da zafin ya huce na zauna ina tambayar kaina me ya sa tikiti ya yi wannan tashin gwauron zabo, domin ba manhaja kaɗai ta kawo mu nan ba. Mujallar Pollstar, wadda ke bin diddigin kasuwar rangadi, ta nuna cewa a 1996 matsakaicin farashin tikiti a manyan rangadi 100 bai wuce dala 26 ba. A 2024 ya kai wajen dala 136. Da hauhawar farashin kaya kaɗai ce, da ninki biyu ya yi. Ya yi ninki biyar.

A da faifai ne jarin mawaƙi, rangadi kuwa talla ne. Ana zagaya garuruwa ne don a tuna wa mutane su je shago su sayi sabon kundi, saboda haka ba a tsawwala kuɗin shiga, ko an yi asara a hanya za a mayar a kan kanta. A 1999 cinikin waƙoƙin da aka naɗa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6. A shekarar ce kuma manhajar Napster ta fito, matasa suka fara musayar waƙoƙi ta intanet kyauta. Kotu ta sa an rufe ta a 2001, amma mutane sun riga sun ɗanɗana. Apple ya buɗe shagon waƙa na iTunes a intanet a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, wato ba dole sai ka sayi kundi gaba ɗaya don waƙoƙi biyu ba. Spotify, kamfanin sauraron waƙa ta intanet, ya fara aiki daga Sweden a 2008. Kafin 2014 kasuwar Amurka ta zube zuwa kusan dala biliyan 7, rabin abin da take a da. Tun a 2002 David Bowie ya hango haka, inda ya shaida wa jaridar New York Times cewa waƙa za ta zama kamar ruwan famfo ko wutar lantarki, kuma mawaƙa su shirya wa yawan rangadi, don shi ne kaɗai zai rage musu.

Kasuwar ta farfaɗo, wannan gaskiya ne. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, ta ce an samu dala biliyan 29.6 a 2024, kuma sama da kashi biyu bisa uku daga sauraro ta intanet ne. Sai dai yadda ake rabon shi ne abin dubawa. Ana tara kuɗin masu biyan wata-wata da na talla wuri ɗaya, a raba gwargwadon yawan sauraren da kowa ya samu. In aka ƙiyasta, sauraro ɗaya a Spotify bai wuce rabin santi ba, wato sauraro miliyan ɗaya dala dubu uku ne zuwa biyar. Wannan ma ba aljihun mawaƙi yake faɗawa kai tsaye ba, sai ya bi ta hannun kamfanin faifai ko mai rarrabawa, kowa ya yanki nasa. Daga 2024 kuma Spotify ya daina lissafa waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba cikin wannan rabo. Ni kaina abin da nake biya na sauraro a shekara guda, wanda ya buɗe mini kusan duk waƙar da aka taɓa naɗawa, bai kai kuɗin tikitin nan ɗaya ba. Rangwamen da muke samu a kunne shi muke biya a bakin ƙofa. Yanzu kundi ne ya koma talla, casu ya zama haja.

Masu kuɗi sun gane haka da wuri. A 2007 Madonna ta bar kamfanin faifanta ta ƙulla yarjejeniyar shekara goma ta dala miliyan 120 da Live Nation, wanda asalinsa kamfanin shirya wasanni ne. Jay-Z ya bi sahu a 2008. Kamfanonin faifai su ma suka fara rubuta kwangiloli da ke ba su kaso a kuɗin rangadi da na riguna da huluna, ba na faifai kaɗai ba.

Kuma a yi adalci, rangadin kansa ya yi tsada. Abin da na gani a dandamalin nan, manya-manyan allunan bidiyo, fitilu masu juyi, lasifikoki rataye a sama, duk a tireloli aka kawo su, mutane ne suka kwana suna harhaɗawa, kuma da asuba za su kwance su yi gaba. Bayan annobar korona kuɗin mai, na otal, na inshora da na ma'aikata duk sun tashi, ga shi kowa ya fito rangadi lokaci ɗaya ana rububin motoci da zaurruka. A 2022 mawaƙiya Santigold ta soke rangadinta, ƙungiyar Animal Collective ma ta soke nata na Turai, dukansu sun ce lissafin ba ya fita. To in matsakaitan mawaƙa ba sa iya mayar da kuɗin mota, ina kuɗin da muke zubawa yake tafiya? Yawancinsa yana taruwa ne a can sama, wajen 'yan ƙalilan. Rangadin Taylor Swift da ya ƙare a Disambar 2024, wasanni 149, ya tara sama da dala biliyan 2.

A nan ne nake ganin masu zagin kamfanin tikiti suke tsayawa a rabin hanya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba manhaja ke yanka ainihin farashi ba, mawaƙi da manajansa da mai shirya wasan ne. Su ne kuma suke amincewa a yi kujeru masu suna mai ƙyalli, ko a bar farashi ya riƙa hawa gwargwadon rububi. Kuɗin hidimar da nake ƙorafi a kai ma ba kamfanin tikiti kaɗai ke cinye shi ba, masu fili suna da kaso mai tsoka, wani lokaci har mai shirya wasan. Ofishin binciken kashe kuɗi na gwamnatin Amurka ya gano a 2018 cewa, a tikitocin da ya duba, irin waɗannan kuɗaɗe sun kai kashi 27 cikin 100 na farashin tikiti a matsakaici. Wani ɓangare na aikin kamfanin tikiti shi ne ya tsaya a gaba ya sha zagi, mawaƙi ya fito dandamali yana cewa yana ƙaunarmu.

Hujjata ita ce Robert Smith na ƙungiyar The Cure. A rangadinsu na Amurka na 2023 ya ƙi yarda da farashi mai hawa, ya hana a riƙa sake sayar da tikiti da riba, ya sa wasu kujeru a dala 20. Da masoya suka nuna masa cewa a wasu wurare kuɗin hidima ya fi kuɗin tikitin yawa, ya fito fili ya yi magana, har Ticketmaster, kamfanin da ya sayar da tikitin, ya mayar wa mutane dala 10 ko dala 5 a kowane tikiti. Ashe ana iyawa. Bruce Springsteen kuwa, wanda ya yi suna da waƙar talakawa ma'aikata, a 2022 an ga wasu kujerun wasansa sun haura dala 4,000, kuma bai janye ba.

Hakan bai wanke kamfanonin ba. Abin da zan faɗa a kan Ticketmaster ba daga cinikina ba ne, abu ne da ke rubuce a jaridu da takardun kotu. Tun a 1994 ƙungiyar Pearl Jam ta kai ƙorafinsa gaban hukuma kan babakere, aka rufe binciken a 1995 ba a yi komai ba. A 2010 gwamnatin Amurka ta bar shi ya haɗe da Live Nation, sai ya zama gida ɗaya ne ke shirya wasa, yake riƙe da filaye da dama, yake wa wasu mawaƙa manaja, kuma yake sayar da tikiti. A Nuwambar 2022 shafinsa ya durƙushe ranar sayar da tikitin Taylor Swift, duk da an sayar da sama da miliyan biyu a yini ɗaya, har Majalisar Dattawa ta yi zama a kai a Janairun 2023. A Mayun 2024 Ma'aikatar Shari'a tare da jihohi da dama suka maka kamfanin a kotu, suna zargin yana riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na sayar da tikiti a manyan wuraren casu. A Birtaniya kuma, ranar 31 ga Agustan 2024, masoyan ƙungiyar mawaƙa ta Oasis sun yini a layi don tikitin tsayuwa na kusan fam 150, da aka zo kansu suka tarar da shi a fam 355. Hukumar kula da gasa ta ƙasar ta bincika, ta ce ba ta ga shaidar cewa kwamfuta ce ke sauya farashi nan take ba. Abin da aka yi shi ne an kasa tikiti iri ɗaya gida biyu, aka sayar da mai araha tukuna, aka fito da mai tsada ba tare da an sanar da na kan layi ba. A 2025 kamfanin ya yi alƙawarin zai riƙa sanarwa kwana guda kafin sayarwa in za a yi irin wannan kason. Inda mai fili ba shi da wani kamfanin da zai koma wa, mai saye ma ba shi da wata manhajar da zai gwada. Ba zaɓar wannan na yi ba, ita kaɗai ke da tikitin.

Sashen sake sayarwa na manhajar shi ne wanda na kasa yanke masa hukunci ɗaya. Amfaninsa a bayyane yake: in uzuri ya taso maka, ka sa tikitinka, wani ya saya, a soke lambarka a ba shi sabuwa, ba cuta. Amma tun ranar farko, kafin in gama biyan nawa, na ga kujeru masu wani launi daban a taswirar, waɗanda aka riga aka saya aka dawo da su a ninki biyu ko uku. Waɗannan ba masu uzuri ba ne, 'yan bumburutu ne, wasunsu da manhajojin da ke saye da kansu cikin ƙiftawar ido. Amurka ta haramta irin waɗannan manhajoji tun 2016, ba su ɓace ba. Kamfanin kuma yana karɓar la'ada a sayarwar farko, ya sake karɓa a ta biyu, to da wane ƙarfin zuciya zai yaƙe su? Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ireland ta hana sayar da tikitin manyan wurare sama da farashinsa na asali a 2021. Bikin waƙa na Glastonbury a Ingila yana buga hoton mai tikiti a jikin tikitin. Ed Sheeran ya soke dubban tikitocin da aka yi bumburutunsu a rangadinsa na 2018. A manhajar nan ma akwai tsarin ƙayyade sake sayarwa a kan farashin asali, sai dai mawaƙi ne ke kunna shi, kuma namu bai kunna ba.

Sashen kula da abokan ciniki ba shi da abin yabo. Na rubuta ina tambayar me ya bambanta kujerar da na saya da ta kusa da ita mai araha, aka turo mini amsar da na'ura ta rubuta, wadda ke bayanin yadda ake sauke tikiti. Mayar da kuɗi kuwa babu shi sai in an soke wasan gaba ɗaya.

Wasan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sauti ya fita tas, mawaƙin bai yi ha'inci ba, ya yi sama da sa'a biyu yana zuba tsofaffi da sababbi. Abin da na lura da shi shi ne mutanen da ke kewaye da mu: yawanci manya ne masu albashi, matasa kaɗan ne, su ma can ƙololuwa inda mawaƙin ya koma ɗan mitsitsi, allo suke kallo. Mawaƙin da ya tara masoyansa suna 'yan makaranta, yau ɗan makaranta ba zai iya shiga wasansa ba.

Ga wanda zai yi amfani da irin wannan manhaja, ka tsayar da iyakar abin da za ka iya biya tun kafin ka shiga ɗakin jira, ka rubuta a takarda ka ajiye a gabanka, ka kuma ƙara kashi ɗaya bisa huɗu a kan duk farashin da aka sanar. Kujera mai suna mai ƙyalli, in ba a lissafa maka abin da ke cikinta ba, babu komai a cikinta. In tikiti ya ƙare ranar farko kada ka ruga wajen 'yan bumburutu, sau da yawa ana sako wasu kujeru bayan an kafa dandamali an ga inda ya rage, su kuma masu riƙon suna karya farashi in rana ta matso ba su sayar ba. Ba kullum ba, amma yana faruwa.

Daga baya na sake gwada manhajar a kan wani ƙaramin zaure, wasan wata matashiya da ba ta yi suna ba tukuna. Babu layi, babu agogo mai tsoratarwa, cikin natsuwa na gama, ko da yake kuɗin hidimar ya fi ciwo a kan ƙaramin tikiti. Irin waɗannan zaurruka su ne makarantar da duk manyan suka fito, kuma su ne ke mutuwa: ƙungiyar Music Venue Trust, mai kare ƙananan zaurukan waƙa, ta ce a 2023 kaɗai Birtaniya ta rasa guda 125, wasu sun rufe, wasu sun daina sa mawaƙa. Shi ya sa ake ta kiran a cire fam ɗaya daga kowane tikitin babban fili a tallafa musu, ƙungiyar mawaƙa ta Coldplay ma ta ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin wasanninta na Ingila na 2025 don haka. A shafin farko na manhajar kuwa ba za ka ga ko ɗaya daga cikin ƙananan wasannin nan ba, manyan taurari ne jere da hotunansu. Sai ka rubuta sunan zauren da kanka a wurin bincike kafin su fito.